Ayabar da Nanfuka Ta Fere

Ke dakata! Kada ki ƙara ce mini girman kai ne. Girman kai a gidan wa? Kina wurin? Ranar ai kina can kasuwar Nyendo kina cacar baki da mai kifi. Abin da ya iso kunnenki ya bi ta bakin rabin garin nan kafin ya zo, kowa ya gatsa ya rage miki ƙashi. Zauna. Ajiye wayar nan, ba guduwa za ta yi ba. In na gama, sai ki sake cewa yarinyar nan ta kori miji don girman kai, in ji da kunnena.

Ita dai Nanfuka ƙyanda ce ta tafi da idanunta tun tana 'yar mitsitsiya, ta bar mata kunne. Kunnen kuwa ba irin naki ba ne da sai an yi ta kira. Ki zuba shayi a ɗaya ɗakin, za ta ce miki kofin ya kusa cika. Iyayenta sun rasu, tana hannun ƙanwar ubanta, Senga Nabunya, a nan Masaka.

Shi kuwa Lubowa mai fassarar fim ne a gidan kallon bayan tasha. Baki gare shi kamar famfon da ya ɓalle. Mutumin cikin fim ya faɗi kalma ɗaya, shi ya faɗi ashirin, har da gaisuwar da mutumin bai yi ba. Da ƙungiyar makafi ta samu kwamfuta, aka ce a nemo mai murya ya riƙa shigar da bayani cikin fina-finai, yana faɗin abin da ido ke gani, a tura wa mutane a waya su ma su sha kallo da kunne. Aka ɗauko Lubowa. Aka zaunar da Nanfuka a gefensa, ita ce mai saurare ta ce ya yi ko bai yi ba.

Ranar farko ta wanke shi tas, tana ce masa sebo, wato malam.

"Sebo, wa ya aike ka ka gaya mini ana ruwa? An ce maka kurma ce ni?"

Ya yi dariya. Ba ta taya shi ba.

"Ka ji ƙa'idata. Inda ake magana, ka yi shiru. Inda ƙofa ta yi ƙara, inda takalmi ke tafiya, ka yi shiru. Sautin nan rabona ne, kada ka taka mini shi. Inda aka yi tsit, nan ne gonarka. Kuma abin da ka gani shi za ka faɗa. Kada ka ce mini tana baƙin ciki. Ce mini ta sunkuyar da kai tana murɗa bakin zane. Baƙin cikin ni zan gane abina."

Yadda aka tashi daga gyaran fim aka koma gyaran zuciya, ba sai na faɗa miki ba. Ke ma kin taɓa zama yarinya, ko da yake yanzu da wuya a yarda.

Fim ɗin da suka fara gamawa tare na wata mata ne da ta raka mijinta bakin tafki zai shiga kwale-kwale, bayan sun yi faɗa. A ƙarshe babu magana. Ƙarar ruwa ta yi ta raguwa har aka yi tsit. A nan muryar Lubowa ta shigo, ƙasa-ƙasa: "Jirgi ya yi nisa. Ya waiwayo. Ya ɗaga mata hannu."

Wannan guntun Nanfuka ta ajiye shi a wayarta mai magana. Tana wanki tana ji, tana tsintar wake tana ji. Har Senga ta ce, "Wai shi mutumin nan wuyansa ba ya ciwo ne?"

Da maganar aure ta tashi, Hajat Namakula, uwar Lubowa, ta ce sam.

"Ɗana namiji ɗaya tilo, in kawo masa wadda za a riƙa ja da sanda? Wa zai ga ƙuda a abincin jikokina?"

Ga kuma Bukenya mai shagon siminti, wanda matarsa ta rasu, yana ta sintiri gidan Senga da ledar sukari. A ƙofar masallaci yake faɗa wa duk mai son ji cewa zai auri makauniya don neman lada.

Senga ta ce, "'Yar ɗan'uwana, ki buɗe kunnen nan naki. Yana da gida. Yana da shago. Uwarsa kuma ta rasu. Me kuma kike nema a wurin namiji?"

"Senga, lada yake nema. Ya je ya gina rijiya."

Ana cikin haka, kwatsam Hajat ta aiko wai tana son ganin yarinyar. Ba al'ada ba ce, ke ma kin sani, yarinya ta taka gidan surukai tun manya ba su zauna ba. Senga ta yi ta gunaguni. Amma Nanfuka ta ɗaura gomesinta, doguwar rigar fita unguwa mai ruwan ganye, ta tafi.

Ta durƙusa har ƙasa ta gaida Hajat. Hajat ta amsa da murya kamar zuma. Aka tura Lubowa kasuwa sayo nama. Yana fita aka dire wa Nanfuka kan matoke guda, ɗanyar ayabar nan ta dafawa, da wuƙa da kwando.

"'Yata, taya ni, hannuna na ciwo."

Kowa ya san mece ce wannan. Wadda ba ta iya fere matoke ba, ba ta isa aure ba. Nanfuka ta laluba ayabar, ta ɗora wuƙa. Kwasfa na sauka siririya kamar ganye, ba ta ci naman ayaba ba, ba ta bar kore ba. Danƙon ya baƙanta mata yatsu. Hajat sai faɗi take, "Masha Allah! Masha Allah!"

Da aka sauke abinci aka kwance ganyen da aka dafa matoken a ciki, Hajat da kanta ta zuba mata, ta ce, "Ci, aikin hannunki ne."

Ta dawo gida tana taka ƙasa kamar ba ta taɓa ta. Ta ƙi sa kananzir ta goge danƙon. Ta riƙa miƙa wa Senga yatsunta.

"Duba mini, Senga. Yana nan?"

"Yana nan. Kamar kin yi dambe da tukunya."

"A bar shi."

Danƙon bai gama fita ba Bukenya ya zo, bayan azahar, ba sukari a hannunsa, sai waya.

Ashe ranar ƙanwar Lubowa na tsaye tana ɗauka a bidiyo. Ta tura wa ƙawayenta, ƙawaye suka tura wa nasu, har ya faɗo hannun Bukenya. Ya rage sautin gaba ɗaya ya miƙa wa Senga.

Nanfuka na zaune a tabarma. Ba ta ji komai daga wayar ba. Numfashin Senga kawai ta ji ya tsaya, sannan ya sauko da nauyi.

"Senga, mene ne?"

"Ba komai."

"Ba komai ba ya sa ki numfashi haka."

Bukenya ya gyara murya, irin gyaran muryar wanda ya daɗe yana jiran ranarsa. "Ni zan faɗa miki, tunda gaskiya ibada ce. Wato matar nan..."

"Sebo, riƙe ibadarka." Ta juya fuskarta wajen Senga. "Ke ba kya son auren nan. Shi kuwa yana son nasa. Duk cikinku ba wanda zan ara idonsa yau. A kira mini Lubowa. Shi zai faɗa mini abin da ke ciki."

Senga ta ce, "Yarinya, kada ki sa shi."

"A kira shi."

*

Ya zo a kan boda, babur ɗin haya, ko hular kwano bai tsaya cirewa ba sai a ƙofa. Ya gaida Senga. Da ya ga wayar Bukenya a kan tebur, gaisuwar ta katse a tsakiya.

Nanfuka ta ji wannan ma.

"Ka taɓa ganinsa ke nan."

"Na... an nuna mini."

"Ba ka ce mini komai ba."

"Shirmen yara ne, Nanfuka."

"To zauna ka ba ni shirmen. Kamar yadda muke aiki. Ƙara sauti."

Aka kori Bukenya ya koma baranda, inda ya manna kunnensa da taga. Lubowa ya zauna a bakin tabarma. Ya danna.

Da farko ya yi aiki kamar kullum. Ya jira aka yi tsit, ya ce, "Tsakar gida. Ke a kan tabarma, gomesi mai ruwan ganye. Wuƙa a hannun dama. Kwando ya kusa cika." Ya yi shiru. Ƙarar wuƙa ta fito, shar, shar, shar. Nanfuka har ta ɗan murmusa. Muryar Hajat ta fito: "Masha Allah, 'yata. Kawo in ɗora."

Daga nan famfo ya ɓalle.

"Hajat ta ɗauki kwando, tana murmushi, tana tafiya, tana ta tafiya, ga bishiyar mangwaro, ga rana ta haska, ga igiyar shanya da kaya a kai, ta nufi kicin, fuskarta cike da farin ciki, kai, farin ciki sosai, tana alfahari da ke, ta shiga, ta..."

"Tsaya."

Ya tsayar.

"Ka taka sauti."

"Na'am?"

"Tun ranar farko ba ka sake taka mini sauti ba. Yau ka hau kansa da ƙafa biyu, kana ɗaga murya. Kuma ka ce farin ciki. Yaushe ka fara ganin farin ciki da ido?"

"Nanfuka, don Allah..."

"Mayar baya. Ka rufe bakinka."

Senga ta ce, "Ya isa haka."

"Senga, gidanki ne, amma kunnena ne. Mayar."

Ya mayar. Ya rufe bakinsa. Ɗakin ya yi tsit, sai waya.

"Kawo in ɗora."

Silifa na tafiya. Kicin ɗin Hajat kusa yake, Nanfuka ta zauna a wurin, hayaƙinsa ya shige mata hanci. Silifar nan ta wuce kicin. Ta yi ta tafiya. Wani ƙyauren kwano ya yi ƙara. Sai dif, dif, dif-dif-dif, abu mai nauyi na zuba a ƙasa. Awaki suka ɗauki kuka suna turereniya. Aka kakkaɓe kwando. Aka zuba ruwa, aka cuɗa hannu da sabulu, aka sake zubawa, aka sake cuɗawa. Mai riƙe da waya ta toshe bakinta, dariya na fita ta hanci.

Daga can nesa wata murya ta taso, siririya, cike da murna.

"Mama, in akwai saura a kawo, ban gaji ba!"

Muryarta ce, ita Nanfuka.

Bidiyo ya ƙare. Nanfuka ta ɗora hannuwanta a cinya, tafin a sama, baƙin danƙo na nan a yatsun. Hawaye suka fara sauka, ba ta share ba.

"Wanda na ci fa?"

Lubowa ya ce, da ƙyar, "Sun riga sun fere wani tun da safe. Yana ɓoye a kicin."

"Ta ce aikin hannuna ne. Har na ƙara."

"Na sani."

"Kai ma ka ci. Ka ce ba ka taɓa cin mai daɗinsa ba."

"Wallahi ranar ban sani ba! Sai daga baya. Na yi faɗa da su, Nanfuka, na fasa wayar ƙanwata da ƙasa, amma bidiyon ya riga ya fita. Tun ranar ban ci abincin gidan ba."

"Sannu da yunwa."

Ya sauko daga bakin tabarma ya durƙusa a gabanta, namiji guda, a gaban Senga. Kuka yake kamar yaron da aka ƙwace wa rake.

"Uwata ce. Ta yaya zan buɗe bakina in ce uwata ta zuba wa awaki abin da kika fere? Ta yaya zan ce ta wanke hannu kamar ta taɓa mushe? Ina kallon fuskarki kina murmushi. Na kasa. Ki ce ni matsoraci ne, na yarda. Amma don ina son ki ne. Na so in tare miki."

"Ka tare mini."

"E."

"Garin nan kaf ya gani. Masu boda sun gani. Mai kifi ya gani. Mutumin da ke manne da tagar nan ya gani. Ni kaɗai ce ban gani ba, ni da ke ciki. Ina yawo ina nuna wa mutane yatsuna. Kai kaɗai ne za ka iya nuna mini, sai ka tsaya a gabana ka tare."

Bukenya ya leƙo ta taga. "Ni dai a gidana ba wanda zai..."

Senga ta ce, "Kai kuma ka kawo wuta ka samu ta kama. Jira a waje, kada ka ƙone."

Ya janye kansa.

Senga ta matso ta dafa kafaɗarta. Muryarta ta yi laushi, abin da ba a saba ji ba.

"'Yar ɗan'uwana, ni ban so shi ba, kin sani. Amma yaron nan bai zubar da komai ba. Uwarsa ce. Ƙarya kuwa, wane namiji ne ba ya yi? Nawa mijin har ya mutu yana ce mini miyata ta fi ta kowa, ni kuwa na san gishirina. In shi kike so, ki haɗiye. In ba shi ba, ga na waje. Amma ki zaɓi ɗaya. Ni na tsufa. In na kwanta dama, wa zai riƙe ki?"

"Senga, ke da ya ce miyarki ta yi, kina da harshen ɗanɗanawa. Kina da idon ganin ko ya cinye."

Senga ta janye hannunta daga kafaɗarta.

Lubowa ya kamo gefen tabarmar da take kai, don bai isa ya kamo hannunta ba.

"Zan bar gidan. Zan kama ɗaki a Nyendo. Ba za ki sake durƙusa mata ba har abada. Sau ɗaya ne, Nanfuka. Sau ɗaya tak na yi miki haka. Duk aikin da muka yi tare, duk mutanen da ke jiran muryata da kunnenki, za ki watsar saboda kwandon ayaba?"

Ta share fuskarta da bayan hannu. Ta laluba gefenta ta ɗauko wayarta, ta riƙe ta a tafin hannu, ba ta kunna ba.

"Sau ɗaya, ka ce."

"Wallahi."

"Kada ka rantse tukuna. Tambaya ɗaya zan yi maka."

"Yi ɗari."

"Mutumin nan na cikin kwale-kwale. Ya waiwayo?"

Kin san Lubowa. Kin taɓa jin an yi masa tambaya ya rasa amsa? Mutumin da ke sa wa gawa magana a fim. Ya buɗe baki. Ya rufe. Wata boda ta wuce a titi har ƙararta ta ɓace. Senga ta sunkuyar da kai tana murɗa bakin zane.

"Bai waiwayo ba ke nan," in ji Nanfuka.

"Ƙarshen ya yi ɗaci da yawa. Ranar kin zo aiki kina kuka, ranar da babanki ya cika shekara da rasuwa. Na ce me zai rage in ya ɗaga hannu? Hannu ne kawai..."

"Ya tafi bai ko dube ta ba."

"E."

"Tana tsaye."

"Tana tsaye."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta shafa fuskar wayar, wayar ta yi ta karanto mata sunaye, har ta iso kan guntun nan da Senga ta gaji da ji. Ta danna. Wayar ta tambaya ko a goge. Ta sake dannawa.

"Zan sake yin su duka!" Muryarsa ta tsage. "Duk fim ɗin da muka yi, ɗaya bayan ɗaya, ki kawo wanda kika yarda da shi ya zauna ya duba ni. Nanfuka, kada ki yi mini haka. In kin kore ni ina zan sa kaina? Ki zage ni. Ki mare ni. Ki ce wani abu!"

Ta miƙe. Ta laluba sandarta a jikin bango. Ba ta ɗaga murya ba, ko kaɗan, kuma wannan ne abin da kika kira girman kai.

"Uwarka kwando ɗaya ta zubar mini, Lubowa, awaki ma sun amfana. Kai kuwa duk abin da na taɓa gani da bakinka ka zubar. Tashi ka tafi. Kuma kada ka wahalar da wuyanka a ƙofa. Ko ka waiwayo, ba ni da wanda zai gaya mini in yarda."